Hilux uku, awo ɗaya: buɗaɗɗen zane da motar albasa a Marwa

Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da ake cirar albasa a lambunan bakin Mayo Tsanaga, wajen Meskin da Gazawa, duk ranar da mota ta kwana a gareji asara ce da ake ƙirgawa da buhu. Zafin Marwa a watannin nan yakan haura digiri 40, albasa kuwa ba ta jiran bakanike. Lamarin da za mu bi misali ne da aka harhaɗa daga abin da ake gani kullum a garejojin Marwa da Garwa: ƙungiyar manoma mai tsofaffin Hilux uku na dizal, ƙirar ƙarshen shekarun 1980 zuwa tsakiyar 1990, duka 'yan hannu, duka masu jan ƙafa huɗu. Akwatin bayansu na asali ya daɗe da mutuwa, kowacce kuma mai walda daban ne ya ƙera mata sabo, da idonsa da allinsa.

A ido 'yan gida ɗaya ne. A hannun bakanike kuwa kowacce da halinta. Ta farko an like akwatinta da shasi da walda. Ta biyu an ɗaure shi da bulon iri uku. Ta uku an ƙara mata tsawo har akwatin ya zarce wutsiyar shasi sosai, don ta ɗauki ƙarin buhu biyu. Safayar wannan ba ta hawa waccan, lagireton ɗaya kuma na wata mota ne daban da aka ɗaure da waya. Idan ɗaya ta tsaya ba a iya kwance komai daga 'yar'uwarta a ceci ranar. Sai a aika Garwa, ko a jira mai zuwa Mubi, ko a buga waya Duwala a nemi masu kaya a Kam Yabasi.

Buƙatar ƙungiyar ba ta da yawa. Duk abin da aka kwance daga wannan ya hau waccan. Kuma idan mai waldan da ya yi aikin ya koma Kuseri, ko ta Allah ta kasance, wani ya ɗauki takarda ya ɗora daga inda aka tsaya.

Abin da aka aro daga waje

Al'adar buɗe zane daga masu rubuta manhajar kwamfuta ta fito: mutum ya rubuta abinsa, ya sake shi a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya miƙa wa wani bisa sharaɗin lasisi. An sha gwada ta a kan mota. A 1999 Markus Merz ya ƙaddamar da OScar a Jamus, aikin bai wuce zane ba. Kamfanin Local Motors na Amurka, wanda aka kafa a 2007, ya ƙera Rally Fighter da zanen da jama'a suka zaɓa ta intanet, amma a 2022 ya rufe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kwafar manhaja kyauta ce, kwafar ƙofar mota kuwa sai da ƙarfe da injin matsawa da jari.

Abu uku ne suka cancanci aro. Ƙungiyar Wikispeed ta Joe Justice ta raba motarta gida takwas, ta kafa doka cewa kowa ya canza cikin sashensa yadda ya so, amma kada ya taɓa wurin da sashen ke haɗuwa da na maƙwabcinsa. Motar kaya ta OX, wadda Gordon Murray ya zana aka nuna ta a 2016, zanenta ba a buɗe yake ba, sai dai gilashin gabanta falle uku ne shimfiɗaɗɗu masu awo ɗaya, wanda ya fashe a musanya shi da ɗan'uwansa. A Suame kuma, unguwar kanikawan Kumasi a Gana, an haɗa wata mota mai suna Turtle a 2013 da abin da kasuwar wurin ke da shi. Wato a tsayar da mahaɗai, a maimaita abu ɗaya a wurare da yawa, a fara daga kasuwa kafin a taɓa biro.

Ga motocin ƙungiyar, shawarar farko ita ce kada a ƙera sabon shasi, duk da masu walda sun iya kuma suna ɗokin yi. Lambar mota a jikin shasi take, ita ce a kart giriz, wato takardar rajistar mota, ita ake dubawa a bizit teknik, wato binciken lafiyar mota, da shingen jandarmomi. Shasin da aka ƙera a gida ba shi da lamba, neman amincewar hukuma a kansa kuwa aiki ne da ya fi ƙarfin ƙungiyar manoma. Haka ma sitiyari da aksil da birki, an bar su yadda Toyota ta yi su, domin kuskure a wuraren nan da rai ake biyansa. Abin da aka buɗe shi ne duk abin da ke hawa kan shasi: ɗan shasin da akwati ke zama a kai, akwatin kansa, mazaunin lagireto da na batir, hanyar iskar inji, da wayoyin wuta.

Kafin a zana layi ɗaya, bakanike da mai walda sukan shafe kwana biyu suna bin shaguna da ma'aunin kauri, wanda a nan ake kira piye-a-kulis, da tef, da littafi. Dokar mai sauƙi ce: abin da ba a samu a shago uku a Marwa ba, kuma ba a tabbatar akwai shi a Garwa ba, ba ya shiga zane komai kyansa. Boris shi ne abin koyi a nan, domin lambarsa ita ce awonsa a duk duniya. 6204 raminsa milimita 20, faɗinsa 47, kaurinsa 14. 6205 kuwa 25 da 52 da 15, ko wane kamfani ya yi shi. Irin wannan tabbaci ake nema wa sauran kaya.

Bulon da noti, inda rikici ya fi yawa

Wanda bai taɓa aiki a garejin da Toyota da Peugeot da keken kaya na Cana ke haɗuwa ba zai ɗauka M10 ɗaya ne. Ba haka ba ne. M10 na shagon kayan gini tazarar zarensa milimita 1.5 ce, kansa sifana 17 a tsohon awon Jamus ko 16 a sabon awon ISO. M10 na jikin Toyota galibi tazararsa 1.25 ce, kansa sifana 14. M8 kansa 13 ne a na Turai, 12 a na Japan. M12 kuwa 19 ko 18 ko 17. Idan aka sa mai tazarar 1.5 a ramin 1.25, yakan shiga zagaye biyu lafiya lau, sannan ya cije. Yaron gareji ya ce, «Maigida, ai ta kama,» ya zura bututu a sifana ya ƙara ƙarfi. Daga nan zaren ramin ya tafi, ramin kuma a jikin giya yake ko a bulok ɗin inji, ba abin da ake jefarwa ba.

Saboda haka takardar zanen ta raba duniya biyu. Duk abin da aka ƙera a gida ana ɗaure shi da girma uku kacal, M8 da M10 da M12, masu zare na gama-gari, masu kai 13 da 17 da 19. Duk ramin da ke jikin kayan Toyota na asali kuwa da bulon ɗin Toyota ake shiga shi, waɗannan kuma ana ɗiga wa kansu fenti ruwan ɗorawa, a ajiye su a gwangwani daban. Yaron da bai iya karatu ba ma ya san launi.

Sai ƙarfin ƙarfen. Lambar da ke kan bulon ba ado ba ce. 8.8 na nufin yana jure ja har kusan megafaskal 800, kuma yana fara miƙewa a kashi 80 cikin ɗari na wannan, wato 640. Mai 4.6 kuwa a 240 yake fara miƙewa, bai kai ko rabi ba. Zanen ya wajabta 8.8, da ɗauri na niyuton-mita 25 ga M8, kusan 49 ga M10, kusan 85 ga M12, a bushe ba maiko. Matsalar ita ce a kasuwa akwai mai tambarin 8.8 da ƙarfensa bai kai ba. Gwajin da ya fi araha shi ne a zari biyu daga kowane kwali, a ɗaure su a bais da sifana mai awon ƙarfi. Idan kafin a kai adadin sifanar ta fara laushi a hannu, noti na juyawa ƙarfi ba ya ƙaruwa, bulon ɗin miƙewa yake yi, a mayar da kwalin gaba ɗaya. Sifana mai awo guda ɗaya ta ishi motoci uku, kuma ta fi kowane ƙarfe da ke garejin amfani.

Wili ma haka. Hilux mai jan ƙafa huɗu na wancan zamani rami shida gare shi a kan da'irar milimita 139.7. Wilin wasu a-kori-kurar Nissan shi ma shida ne a kan 139.7, shi ya sa ake ruɗuwa, amma ramin tsakiyarsa kusan 100 ne, cibiyar Toyota kuwa 106. Ba zai zauna ba, sai an ci shi da gurza, wilin da aka gurza da hannu kuwa ba ya komawa tsakiya, motar ta dinga rawa. Notin ma daban: na Toyota M12 mai tazarar 1.5, na Nissan 1.25. An tsayar da wili ɗaya mai inci 16 da taya 205R16C mai lamba 110, wadda ke ɗaukar kilo 1,060 idan an cika mata iska yadda aka rubuta a gefenta. Da wannan safaya uku ta zama ta kowa.

Ɗan shasi da akwati

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan aiki kima ba ta isa. Abu na farko da ake ƙerawa ba na mota ba ne, shi ne gabari: firam na ƙarfen kwana 50 da 50 mai kaurin 5, da aka dasa wa filoli daidai inda kamfani ya tanadi kunnuwan ɗaure akwati a shasi. Ana ɗaukar awon daga motar da ta fi miƙewa cikin ukun, bayan an auna kusurwa zuwa kusurwa an ga bambancin bai wuce milimita 3 ba. Daga ranar, a kan gabari ake haɗa kowane ɗan shasi, ba a kan mota ba.

Motar da ta shekara talatin a hanyoyin Mora da Mokolo ba za ta zo daidai da 'yar'uwarta ba. Don haka rami ɗaya tak ake yi zagayayye, na gaba ta hagu, milimita 13 don bulon M12, shi ne mafarin duk wani awo. Sauran ana yinsu dogaye, 14 da 24, su haɗiye 'yar karkatar da kowane shasi ke da ita. Wanda ya huda duka zagayayyu zai ƙare da faɗaɗa su da wutar walda a ranar ɗorawa, ramin da wuta ta ci kuwa daga bakinsa tsaga ke farawa.

Dogayen sandunan ɗan shasin bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu, 100 da 50, kaurin milimita 3. A nan ake cutar mai saye. Bakin bututun da aka yanka yakan yi kaifin da ke ƙara masa kauri a ido, sai a ba ka mai 2 a kuɗin mai 3. Sikeli ba ya ƙarya: sanda mai mita 6 ta kaurin 3 kusan kilo 40 ce, ta kaurin 2 kuwa kusan 27. Bambancin a wajen jure lanƙwasa ya kusa kashi ɗaya cikin uku. Takardar ta rubuta nauyin kowace sanda kusa da awonta, a ɗora a sikelin da ake auna albasa kafin a biya. Ana gicciya ƙananan bututu 50 da 50 a kowace santimita 40. Sandar walda 2.5 a kan amfiya 70 zuwa 90 ta isa. A ɗiɗɗiga duka tukuna, a sake auna kusurwoyi, sannan a cika waldar ana tsallake-tsallake, dama da hagu, gaba da baya. Wanda ya bi gefe ɗaya ya cika shi har ƙarshe zai tarar firam ɗin ya murɗe kamar busasshiyar fata.

Ba a walda akwati da shasi. Shasin mota an yi shi ya ɗan murɗa idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami, akwatin ƙarfe kuwa sandararre ne. Idan aka like su, duk murɗewar sai ta taru a wuri ɗaya, bayan gidan direba, a can motar farko ta tsage, daidai bakin waldar da aka gicciya a saman shasin. Gyaran shi ne a huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar don ta tsaya, a buɗa ta, a cika, a ɗora faci a gefe mai siffar kifi, ba mai kusurwa huɗu ba, don kada wani layin walda ya miƙe daga sama zuwa ƙasa. A sabon zanen, ɗaurin baya mai ƙarfi ne, na gaba kuwa yana kan roba mai kaurin milimita 10 zuwa 15 da ake yankowa daga tsohuwar tayar babbar mota. Idan dole sai an huda shasi, a gefe ake hudawa, a zura guntun bututu a ciki, domin shasin Hilux rufaffe ne kamar akwati, in ba haka ba bulon zai matse bangon biyu ya lotsa su. Kafin duk wannan a bi shasin da guduma ana ƙwanƙwasawa, musamman kusa da mazaunin sifirin. Laka ta karal, baƙar ƙasa mai danƙo, tana shiga ciki da damina ta kwanta, tsatsa kuma daga ciki take ci. Kuma a cire wayar batir kafin a kunna injin walda.

Tsawon akwati shi ne inda ake kai ruwa rana da manoma, don kowa na son ƙarin buhu. Lissafin kuwa gajere ne. Duk santimita 10 da aka ƙara a baya tana matsar da tsakiyar kaya baya da santimita 5. A ce tsakanin ƙafar gaba da ta baya milimita 2,850 ne, kaya kuma kilo 1,200. Idan tsakiyar kayan tana gaban aksil ɗin baya da milimita 200, ƙafafun gaba suna karɓar kilo 84, baya ya ɗauki 1,116. Idan ta koma bayan aksil da milimita 300, baya zai ɗauki 1,326, fiye da kayan da aka loda, domin an ɗage kilo 126 daga gaba an jibga masa. A haɗa da nauyin motar kanta, tayoyin baya sun kusa iyakarsu a kan kwalta mai zafi, sitiyari kuma ya yi sakayau a hannu. Abin da ke damun mota ta uku ke nan, direbanta yana ta canza shokozoba a banza. An tsayar da dabe a mita 2.2 da 1.6. An zaɓi katako mai kaurin santimita 3 da 'yar tazara tsakani maimakon farantin ƙarfe, don iska ta ratsa buhunan, kuma faranti mai kaurin milimita 3 shi kaɗai ya haura kilo 80 a wannan faɗi. Gefunan kuwa falle huɗu ne masu awo ɗaya, mita 1.1 kowanne, hinjinsu ɗaya, na dama ya hau hagu, na wannan mota ya hau waccan.

Inji da zafi

Motocin uku duka daga dangin inji ɗaya suke, wanda Toyota ke kira L: 2L mai cc 2,446, 3L mai 2,779, sai 5L mai 2,986 da akan samu a kayan Beljiyam. Famfon da ke harba musu dizal ba na kwamfuta ba ne, ban da 5L-E, wanda takardar ta hana saye saboda yana zuwa da wayoyi da na'urar da garejin ba shi da abin karanta ta. Rauninsu biyu sanannu ne: kan injin yana tsagewa idan ya yi zafi, bel ɗin taimin kuma idan ya tsinke fiston yana dukan bawul. Ana canza bel a kilomita 100,000, tunda kuma agogon tafiyar motocin ya mutu tuni, sai a rubuta kwanan wata da fenti a murfinsa.

Mazaunin lagireto firam ne mai rami huɗu da aka tsayar da awonsu. Duk lagireton da aka samu, shi ake yi wa kunnuwa su dace da firam, ba a taɓa firam ɗin. Hular fanka, wato murfin da ke kewaye ta ya haɗa ta da lagireto, wajibi ce, domin idan babu ita fankar tana jan iska ta gefe ne, ba ta cikin lagireto ba, motar da ke rarrafe a yashin mayo da giya ta ɗaya kuwa ba ta da wata iskar sai wannan. Al'adar cire tamostat a jefar kuskure ce: inji ya daɗe bai ɗumama ba da safiyar hunturu, a wasu injuna kuma ruwan sai ya dinga zagayawa ta gajeriyar hanya bai bi lagireto sosai ba. Murfin lagireto mai lambar matsi 0.9 yana ɗaga tafasar ruwa zuwa kusan digiri 118, murfin da robarsa ta mutu kuwa ya mayar da ita 100. Ruwan rijiya yana barin farar ƙasa a bututai, gara na sama da aka tara, da maganin tsatsa.

An ɗaga bakin shan iska zuwa saman gidan direba da bututu mai milimita 75, aka sa masa kwanon da ke juya iska ya zubar da ƙura kafin ta kai filta. An kuma ƙara filta mai raba ruwa da mai kafin famfo. Famfon waɗannan injuna da dizal ɗin kansa yake samun santsi, don haka man bakin hanya da aka sirka da kananzir ko ya sha ruwa a jarka yana cinye shi daga ciki.

Birki da wuta

Ba a sake zanen birki ba, amma an rubuta abin da ba a yi. Bututun milimita 4.75 ne, notinsa M10 mai tazarar 1, a motar Japan da ta Turai duka, sai dai leɓen bakin bututun ya bambanta. Na Toyota ninki biyu ne mai buɗewa kamar mazurari, na yawancin motocin Turai kuwa kumburarre ne. Zai ɗauru, ya riƙe a gareji, ya saki ranar da aka taka da ƙarfi a gangaren Mbe, tsakanin Ngaundere da Garwa. Bututun jan ƙarfe na firji ba ya shiga. Man birki DOT 3 ko DOT 4 kawai, domin man giya ko koren man tsofaffin Citroën yana kumbura robobin masta. Akwai kuma wani bawul a bayan Hilux da sanda ta haɗa shi da aksil, shi ke ƙara wa ƙafafun baya birki gwargwadon yadda kaya ya danne motar. Duk wanda ya ƙara ganyen sifirin ya ɗaga bayan mota, bawul ɗin zai ɗauka ba kaya, ya rage birkin baya alhali tana ɗauke da tan guda. Ganye ɗaya aka yarda a ƙara, iri ɗaya a motocin uku, a sake saita sandar, a kuma sake ɗaure bulon masu siffar U bayan tafiyar makon farko.

Wuta ba ta ɗauki lokaci ba, don duniya ta riga ta daidaita ta. Fis mai ƙafa biyu launinsa ne awonsa: ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Rile iri ɗaya mai lambobi 30, 85, 86, 87. Kwan fitila H4. Tarko ɗaya ne: tsofaffin Toyota ta ɓangaren mas, wato wayar da ke komawa jikin mota, suke kunna fitilar gaba, ba ta ɓangaren wuta ba, mai gyaran da ya saba da Peugeot sai ya haɗa a juye, babbar fitila da ƙarama su rikice. An zana wannan a shafi guda, aka manna a bayan kujerar direba cikin leda.

Takardar kanta

Duk abin da aka faɗa yana iya zama a kan mutum ɗaya, kamar yadda aka saba. Abin da ya mayar da shi buɗaɗɗe shi ne rubutu da izini. Ana zana shi da FreeCAD, manhaja ce ta kyauta wadda ɗaliban makarantar injiniya ta Jami'ar Marwa za su iya sarrafawa, a fitar da shi PDF a takarda A4, a tura ta WhatsApp. Magana kaɗan, hoto da lamba da yawa, domin mai karantawa yana iya zama mai Fulatanci ne ko Hausa ko Faransanci ko Larabcin Cadi. Kowane shafi yana da layi mai milimita 100 a ƙasansa. Masu buga takarda sukan bar na'ura ta rage shafi don ya shiga gefe, da kashi uku ko biyar cikin ɗari, wanda ya manna irin wannan a kan ƙarfe ya huda kuwa duk ramukansa sun kauce. A auna layin da tef kafin a yarda da takardar. Kowane shafi yana da lambar bugu da kwanan wata, ana kuma buga wannan lamba a jikin abin da aka ƙera, saboda a WhatsApp tsohon zane ba ya mutuwa, yana ta yawo bayan an gyara kuskurensa.

Lasisin da ya dace shi ne na CERN na buɗaɗɗun kayan ƙira, bugu na 2 da ya fito a 2020, nau'insa mai harafin S: kowa ya ƙera ya sayar, amma wanda ya gyara zanen ya fitar da kaya dole ya saki gyaransa. Game da haƙƙin ƙirƙira, Kamaru da Cadi suna ƙarƙashin hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, kariyar kuma shekara 20 ce, don haka fasahar motar 1990 ta daɗe da fita. Alamar kamfani ce ba ta tsufa. Kada a buga sunan Toyota a kan abin da aka ƙera a Marwa.

Mai walda yana da haƙƙin tambaya: idan na ba kowa awona, me zan ci? Amsar gaskiya ita ce zai rasa riƙon da yake yi wa mai mota, wanda da ba shi da inda zai je sai wurinsa. Abin da zai samu shi ne aikin da ake maimaitawa. A kan gabari yana iya ƙera gefuna da ɗan shasi da damina, lokacin da aiki ya yi ƙasa, ya jingine su, ya sayar wa wanda bai taɓa ganin motarsa ba. Ba kowa wannan ciniki ke gamsarwa ba, kuma akwai wanda zai karɓi takarda ya ƙi mayar da gyaransa. Lasisi ba shi da ɗan sanda a kasuwar Marwa.

Gwajin ƙarshe tsoho ne. A 1908 a Ingila an kwance motocin Cadillac uku, aka cakuɗa kayansu, aka sake haɗa su suka tashi, abin da ya ba kamfanin kofin Dewar ke nan. A nan ma haka: a sauke akwatuna uku, da lagireto uku, da batir da wili, a juya su, kowanne ya hau motar da ba tasa ba. Sharaɗin shi ne ba guduma, ba gurza, ba wuta, kuma yaran gareji ne za su yi, maigida yana zaune. Abin da ya fi kayar da mutane a wannan gwaji ba manyan ramuka ba ne, ƙananan abubuwan da ba wanda ya tuna ya rubuta ne: wuyan tankin mai ya daki gicciyen akwati, wayar fitilar baya ta gaza da taƙi ɗaya, bakin tiyon lagireto na ƙasa ya kalli wani gefen. Kowanne a auna shi, a shigar da shi takarda, lambar bugu ta ƙaru da ɗaya.

Gabarin ma yana tsufa. Filolinsa suna cinyewa, zafin walda yana jansa, yara suna zama a kansa suna shan shayi. Kafin kowace kakar albasa ana auna shi da takarda, kusurwa zuwa kusurwa da fil zuwa fil. Wanda ya ci fiye da rabin milimita a yanke shi a dasa sabo, a rubuta kwanan watan a jikin ƙarfen, sannan a rataye gabarin a bango.